Ciwon Sukari: Alamominsa Da Hukuncin Mai Shi A Watan Azumi

Darasin wannan mako ya shafi ciwon sukari, cutar da ta daɗe tare da 'yan Adam. Shahararren likitan Musulmi Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya siffanta ta, har ya ambaci zaƙin da ke cikin fitsarin mai ita.

Asalin al'amarin shi ne, abinci irin su tuwo da shinkafa da gurasa, jiki yakan mai da su sukari su shiga jini. Akwai kuma wani ruwa mai suna insulin, wanda wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa, shi ne ke shigar da sukarin cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. In ruwan nan ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina amsa masa, sai sukari ya taru a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi ta fitsari, yana jan ruwan jiki tare da shi. Daga nan ne yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwa marar yankewa suke tasowa. Sa'an nan ga rama alhali mutum yana cin abinci, ga kasala, gani ya yi dishi-dishi, tafin ƙafa kamar ana tsira allura, miki kuwa ya ƙi warkewa. Abin takaici, da yawa sukan ɗauka sammu ne, su yi ta jiƙe-jiƙe har ido ko ƙafa ta salwanta. Wani ma yakan shekara da shekaru ba alama ko ɗaya. Gwajin jini kaɗai ke tona ta. In aka gwada mutum kafin ya karya kumallo, awon ya kai 126 ko ya wuce, kuma ya maimaitu, to cutar ta tabbata.

Game da azumi kuwa, aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa majinyaci rangwame, ya sha ya rama daga baya. Mai ciwon sukari lalle ne ya shawarci likita tun kafin Ramalana ya kama, domin a daidaita masa magani. In yana cikin azumi ya ji rawar jiki da gumi da jiri, ko awonsa ya faɗi ƙasa da 70, ko ya haura 300, sai ya karya nan take, kada ya jira faɗuwar rana. Ɗan huda yatsa don gwaji kuwa, malamai sun bayyana cewa ba ya ɓata azumi.