Labaran Tafiya Sararin Sama

A ƙasar Bunkure, in rani ya yi, manoma kan kai dare suna ban ruwa a gonakin alkama da tumatir. Yaron da ya raka ubansa, in ya ɗaga kai, ya kan ga wata 'yar tauraruwa tana tafiya a hankali, ba ta ƙyaftawa. Galibi wannan ba tauraruwa ba ce, na'ura ce wadda mutane suka harba. Amma tun ba a ƙera irinta ba marubuta suka riga suka kai mutane sama a cikin littattafai.

Labaran nan iri biyu ne. A tatsuniya Gizo ya kan bi zarensa ya hau sama, ba mai tambaya me ya shaƙa a can. A ɗaya irin kuwa, marubuci ba ya ɗora alƙalami sai ya yi lissafi. Wata yana nesa da mu kamar mil 239,000, kuma babu iska a hanya. To, matafiyi me zai shaƙa? Me zai ci? Ta ƙaƙa zai komo gida? In marubuci ya kasa amsa waɗannan, labarinsa ya koma tatsuniya.

Wani Bafaranshe, Jules Verne, ya rubuta irin wannan littafi cikin 1865. Ya sa mutum 3 cikin wani ƙaton harsashi, aka harba su daga Florida ta ƙasar Amurka, aka nufi wata da su, tafiyar kwana 4. Bayan shekara 104, watau cikin 1969, sai ga kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida ɗin nan da mutum 3, biyu daga cikinsu suka taka wata. Abin mamaki! Amma fa ya yi kuskure babba. Da igwa ya harba mutanensa, alhali kuwa bugun igwa irin wannan zai hallaka su nan take. Kumbo na gaskiya a hankali ya ke tashi, sa'an nan ya yi ta ƙara gudu.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta baya ba. Sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau 3 cikin 1962, akwai tasha a Kano wadda ta riƙa bin sawun kumbonsa. Cikin 1969 kuma aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, littafin Umaru Dembo, labarin wani yaro Kilba wanda baƙo daga sama ya ɗauka ya yi yawo da shi.

Tambayoyi
1. Ina bambancin tafiyar Gizo da ta mutanen Jules Verne?
2. Don me ba a harba mutum zuwa wata da igwa?
3. Manomin Bunkure da zai shuka alkama a wata, me da me zai riƙa?