Damuwa Bayan Masifa: Shawara ga Iyalan Illela

Damuwar da ke biyo bayan masifa takan bayyana a jiki tun kafin baki ya furta ta, ta hanyar rashin barci, faɗuwar gaba, saurin fushi da ciwon kai. A Illela, inda abincin gidaje da yawa ya dogara ga kasuwa da zirga-zirgar Birnin Ƙonni, rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jefa magidanta cikin wannan hali. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato sun ƙara nauyin.

Matakin farko shi ne maido da tsarin gida: cin abinci tare, salla a kan lokaci, kwanciya da wuri. Magidanci ya sanar da matarsa gaskiyar halin aljihunsa, domin ɓoyewa ke haifar da zargi da faɗa. A rage kallon hotunan gawarwaki a waya, musamman da dare. Tramadol da makamantansa ba sa kawar da damuwa, jaraba suke ƙarawa.

Yara sun fi buƙatar lura. Wanda ya firgita yakan koma fitsarin kwance, ko ya manne wa uwarsa, ko ya yi shiru. Dukansa zalunci ne. A rarrashe shi, a amsa tambayoyinsa daidai hankalinsa, a bar shi ya yi wasa da tsaransa.

Idan alamun suka wuce wata guda, a haɗa addu'a da ganin likita. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana kan hanyar Sakkwato. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.