Amsoshin Wasiƙunku: "Left out" ko "sidelined"?

Wasiƙarmu ta farko daga Hunkuyi take, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan. Wani matashi ne manomin rake, ya ce ƙungiyarsu ta raba taki bana amma sunansa bai fito ba, yana so ya rubuta takardar koke da Turanci. Wani ya ce masa ya sa "left out", wani kuma ya ce "sidelined". Wanne ne daidai?

To malam, Allah ya ba da haƙuri, rashin taki ga mai rake ba ƙaramin abu ba ne. Duka biyun Turanci ne mai kyau, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba. "Left out" na nufin an yi abu ba a sa da kai ba, iyakarsa ke nan. Bai ce da gangan aka yi ba. Mai yiwuwa sakatare ne ya tsallake layi yana kwafe sunaye daga tsohon littafi. Sai ka rubuta: "I was left out of the distribution." Ka riƙe "of" ɗin nan da kyau, don da yawanmu "from" muke sawa a wurin.

Shi kuwa "sidelined" daga filin wasa ya samo asali, wato layin gefen fili, inda ɗan wasan da ba a sa ba ke zaune yana kallo. In ka rubuta shi, zargi ka yi: an san da kai sarai, aka mayar da kai saniyar ware. Shugaban ƙungiya tuhuma zai ɗauke shi, kuma gobe kuna iya haɗuwa a kasuwar Makarfi. Shawarata, muddin ba ka da shaidar cewa da niyya aka cire ka, fara da na farkon. Ka haɗa da lambar katinka da rasidin kuɗin ƙungiya, sun fi kowace kalma ƙarfi.

Sai wata malamar makaranta daga Ikara, tana tambaya kan "they did not carry us along" da take ji a bakin 'yan siyasa. Malama, wannan Turancinmu ne na Najeriya, ma'anarsa ba a dama da mu ba. A nan gida kowa zai gane, amma Baturen Ingila ba haka yake faɗa ba. In ɗalibanki za su zauna jarrabawar WAEC ko NECO, su rubuta "we were not consulted".