Yadda Maharbi Ke Shawo Kan Bugun Zuciyarsa

A gasar Olamfik ta bindigar iska, mita 10 ne tsakanin mai harbi da allo, ɗigon tsakiyar allon kuwa faɗinsa rabin milimita ne kacal. A nan bugun zuciya kaɗai ya isa ya kautar da harsashi. Maharban Kura da Bunkure, masu bin fakara a gefen gonakin shinkafar da ke shan ruwan Tiga, sun san wannan rawa ta bakin bindiga ko da ba su taɓa auna ta ba. Zuciya ba ta dakatawa don mutum zai yi harbi, sai dai a toshe hanyoyin da bugunta ke bi ya isa ga bindiga.

Tun daga gida ake fara shiri. A ajiye goro da taba da kakkauran shayi, domin duk suna ƙara wa zuciya sauri. Kada a cika ciki, a kuma sassauta zariyar wando. A sha ruwa sosai, musamman da bazara. In an sha tafiya a bakin kanal, a zauna tukuna har haki ya lafa.

Sai kwanciya, wadda a ganina ita ce rabin aikin. Ka yi rub da ciki, ka tanƙwara gwiwar dama (in kai badame ne) har cikinka ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Akwai babbar jijiyar jini da ta sauko daga zuciya ta ratsa ciki; in ka danne cikin, kowane bugu sai ya motsa jikinka duka. Gwiwar hannu ta kafu a ƙasa, ƙashi ya ɗauki nauyin bindiga, tsoka ta huta. Idan kana ɗaura maɗaurin bindiga a damtse, ka lura, wata jijiyar na bi ta cikin damtsen. Matsa shi sama ko ƙasa har ka daina jin zillo. Saboda haka ne 'yan gasa ke sa riga mai kauri da safar hannu. Riƙon kuma kada ya zama maƙura, kunci ya kwanta kan gindin bindiga ba dannewa.

Kafin yatsa ya kusanci kunama, dubi abin da ke bayan abin harbinka. Gonakin nan cike suke da yara masu korar tsuntsaye.

Yanzu ja numfashi biyu ko uku a hankali, ka fitar, ka tsaya a gaɓar da iskar ta fita da kanta. Za ka ga saiti yana zillo yana komawa, kamar ganga mai kiɗa ɗaya. Tsakanin bugu da bugu akwai ɗan sarari, nan ƙwararru ke so harsashi ya fita. Matsa kunama sannu-sannu, ban da fizga, kuma kada ka ɗaga kai har harbin ya wuce.

Kada a nemi sauƙi wajen ƙwaya. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga maharbi Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda propranolol, maganin da ke rage bugun zuciya.

In ka kai daƙiƙa 8 da tsayar da numfashi ba ka harba ba, ido zai fara dishi-dishi, zuciya ta ƙara ƙarfi. Janye yatsa, sauke bindiga, ka sake numfashi daga farko.