Kula da Mai Ciki da Jariri Aikin Dukan Gida Ne

Daga wata ɗaliba 'yar Runka

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. 'Yan'uwana ɗalibai, na zaɓi in yi rubutu a kan kula da mai ciki da jariri, ko da yake na san wasu za su ce wannan ai zancen manya ne, ina ruwan 'yar makaranta da shi? Dalilina kuwa shi ne, a yawancin gidajenmu na ƙauye mu ne ake miƙa wa katin asibiti ko kwalin magani a ce mu karanta. Wanda ya iya karatu kuwa, in bai san abin da ya kamata ba, sai ya yi shiru a inda maganarsa za ta ceci rai. Ni kaina na taɓa yin irin wannan shiru, kuma har yau abin yana damuna.

Garinmu Runka yana cikin Ƙaramar Hukumar Safana, a gefen dajin Rugu, muna maƙwabtaka da ƙasar Batsari. Wani dogon hutu da na je gida, na tarar yayata ta zo goyon ciki, kamar yadda aka saba yi wa mai cikin fari. Ba ta taɓa zuwa awo ba ko sau ɗaya, saboda kunya. Na lura fuskarta da hannuwanta sun kumbura, kuma kullum tana kukan ciwon kai. Na ce wa mahaifiyarmu, "Inna, kin ga fuskar Yaya kuwa?" Ta ce, "Ke dai ja bakinki, haka ciki yake." Na kuwa ja bakina. Ran nan naƙuda ta fara bayan la'asar, har dare ya raba babu labari. Baba ya fita neman mota, amma babu direban da ya yarda ya hau hanya da dare don tsoron 'yan bindiga. Gab da asuba sai jijjiga ta kama ta. Da gari ya waye aka kai ta asibiti, aka yi mata aiki. Allah ya sa tana da sauran kwana, amma jaririn bai zo da rai ba. Malamar asibiti ta ce wa Baba, "Malam, da an kawo ta awo, da tuni an gane jininta ya hau."

Wannan ba a gidanmu kaɗai ya faru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma wajen 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Tun da daɗewa ma, wani likita mai suna Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya gano cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Ashe ke nan maganin abin yana farawa ne tun daga gida.

Kafin Haihuwa

Abu na farko shi ne awon ciki. Da can ana cewa mace ta je sau huɗu, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, kuma zuwan farko ya kasance cikin wata uku na farko. A wurin awo ana gwada hawan jini, a duba fitsari, a ga ko jininta ya isa, a kuma duba kwanciyar ɗa. Ana ba ta ƙwayar ƙarin jini ta sha kullum, da allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora, wadda ke kare ta, ta kuma kare jaririn. Bayan ciki ya wuce wata uku, ana ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata, aƙalla sau uku, sa'an nan lalle ne ta riƙa kwana cikin gidan sauro.

Wajen abinci kuma, ba sai an nemi na kanti ba. Wake, gyaɗa, zogale, rama, kuka, nono, ƙwai da ɗan nama ko kifi duk suna gina jiki, kuma yawancinsu muna da su a Runka, tun da ƙasar noma da kiwo ce. Bai kamata a bar mai tsohon ciki da daka da surfe da ɗaukar ruwa ita kaɗai ba.

Akwai alamun da in aka ga ko ɗaya daga cikinsu ba a jira, sai asibiti. Su ne zubar jini, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, da kuma ɗa ya daina motsi. Biyu daga cikin waɗannan na gani da idona a jikin yayata.

Lokacin Naƙuda

Da yake mun san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, dole maigida ya yi shiri tun ciki yana wata bakwai. Ya ajiye 'yan kuɗi, ya yi magana da mai mota, ya san ɗan'uwan da zai ba da jini in an nema. In kuwa an ce a wurin awo cikin yana da matsala, gara a kai ta ta zauna wajen dangi kusa da babban asibiti, kamar a Dutsin-Ma ko Katsina, kafin watanta ya kama. A birnin Katsina akwai Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, wanda aka gina musamman don wannan aiki.

Ba na raina ungozoma, gama ita ta yanke cibiyar yawancinmu. Amma akwai abin da ya fi ƙarfinta. Zubar jini bayan haihuwa ita ce ta fi kashe mata, kuma tana iya gamawa da mace cikin awa biyu, alhali a asibiti akwai allurar da ake yi da zarar ɗa ya faɗo don mahaifa ta tsuke. Haka kuma naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu ta zama doguwar naƙuda. Abin da ke faruwa shi ne kan ɗa yakan tokare, ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, ya huje, sai mace ta kamu da yoyon fitsari. Wannan ya fi samun yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, hasali ma shi kansa yana jawo yoyon. Ga waɗanda abin ya riga ya sama, a sani ana warkewa. A Babbar Ruga, kan hanyar Katsina zuwa Batsari, akwai asibitin ƙasa na wannan ciwo, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara yi wa mata aiki tun farkon shekarun 1980.

Jego

Al'adarmu ta jego tana da kyau ta wajen hutu, domin mai jego tana samun kwana arba'in ana yi mata hidima, ana ba ta abinci mai kyau. Amma fa akwai gyara. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura cewa mata masu jego da yawa a ƙasar Zazzau suna zuwa da ciwon zuciya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar yadda gishiri yake yi, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Don haka ruwan ɗumi ya isa wanka, kanwa kuma a rage ta ƙwarai, balle ga mai hawan jini. In mai jego ta fara haki, ko kumburi, ko zazzaɓi, ko jinin biƙi ya yi wari, a kai ta asibiti.

Jariri

Da zarar an haihu, a tsane jariri da tsumma mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su, a jinkirta wanka sai ya kwana ɗaya, don sanyi yana saurin kama shi. A sa shi a nono cikin awa ɗaya. Ruwan nonon farko mai kauri, watau dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. A yanke cibiya da sabuwar reza, kada a sa mata toka ko man goge baki, sai maganin shafawa da ake bayarwa a asibiti. Cire beli da wanzamai ke yi yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, gara a bar shi.

Wata shida na farko nono zalla ya ishi jariri, ko da a bazara ne, domin yawancin nono ruwa ne, ruwan randa kuwa yana iya kawo gudawa. Bayan wata shida a fara ba shi kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, a ci gaba da nono har shekara biyu, kamar yadda addininmu ma ya kwaɗaitar. Wannan tazara tana ba uwa damar mayar da jininta kafin wani ciki. In jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, ba a kwana da shi a gida.

Yaro

Rigakafi ya fi magani. Ana yi wa yaro allura ranar haihuwa, da sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9, da kuma wata 15. Tana kare shi daga tarin fuka, shan inna, ciwon hanta, mashaƙo, tarin shiƙa, baƙon dauro, shawara da sanƙarau, kuma kyauta ce. Amfaninta a fili yake, gama ta dalilinta ne a ran 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Illar sakaci ma a fili take, domin mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 a Kano da Yobe da Katsina ya fi cin yaran da ba a yi wa allura ba.

In yaro yana gudawa, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. A dama ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a riƙa ba shi, tare da ƙwayar zinki har kwana goma zuwa sha huɗu. In babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Zazzaɓi kuma a gwada jini cikin kwana ɗaya, sa'an nan da damina a karɓi maganin da ake rabawa gida-gida wata-wata ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Yaron da ke tari yana numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa, limoniya ake tsoro. Wanda ya rame, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce, ba maita ba ce, kuma tana da magani.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana maza da kada su ce wannan darasin mata ne. A gidajenmu namiji ne ke ba da izinin fita, shi ke riƙe da kuɗin mota, saboda haka jinkirinsa ko hanzarinsa shi ne sau da yawa ke raba gardama. Mu kuma mata mu sani kunya ado ce, amma ba a yin ta a kan rai. Yayata ta sake samun ciki bara. Wannan karon mijinta da kansa ya riƙa kai ta awo, ni kuma duk hutu ni ke karanta mata kati in tuna mata ranar komawa. Da watanta ya kama aka kai ta Dutsin-Ma wajen gwaggonmu, ta sauka lafiya a asibiti, ta sami 'ya mace. In muka tafi hutu, kowa ya tambayi katin awo da katin rigakafi na gidansu, ya duba ko akwai ranar da aka tsallake, ya faɗa wa manya cikin ladabi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana ƙannenmu, amin.