Abin da Allon Shagona Ya Koya Mini

Ni tela ne. Shagona yana Ƙofar Guga, kusa da inda hanyar Jibiya take fita daga gari, kuma na haura shekara 20 ina taka keke. Maganata da 'yan'uwana masu sana'ar hannu ce, musamman yaran da ke koyo a hannunmu.

In ka tambayi tela burinsa, sai ya ce, "Allah dai ya buɗa." Amin. Amma buɗin me, kuma zuwa yaushe? Na daɗe ba ni da amsa.

A azumin 2023, bayan wahalar ƙarancin takardun kuɗi, mutane suka kawo ɗinki a makare, kuma a lokaci guda. Duk wanda ya miƙo leda sai in ce, "An gama, Alhaji." Daren Sallah, wajen ƙarfe 1, wani bawan Allah ya shigo riƙe da hannun ɗansa, yaro ɗan shekara 7. Shaddar yaron tana ƙarƙashin tebur a cikin ledarta, ko almakashi bai taɓa ta ba. Uban bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, da ka gaya mini gaskiya, da na kai wani wuri." Yaron kuwa bai ce uffan ba, ledar kawai yake kallo. Da safe sa'o'insa za su fita Idi, su wuce kallon hawa a Ƙofar Soro da sababbin kaya. Har yau idon yaron nan bai bar ni ba.

Bayan Sallah na zauna da littafin awo na ƙirga. Ɗinki 120 na karɓa. Ni da yarana biyu, in wuta ta zauna kuma ba wanda ya kwanta ciwo, kaya 3 muke gamawa a yini, riga da wando, har da guga. Kwana 25 na aiki, 75 ke nan. Ashe mutum 45 na yi wa alkawarin banza tun ranar da na karɓi ledarsu. Ba ƙwazo na rasa ba, don kwana muke a shago. Ban san iyakar hannuna ba ne.

Sai na kafa allo a bango. Kowace Asabar nakan rubuta da alli abin da za a gama a makon, da sunan mai kaya da ranar karɓa. Da azumi ya kai 10 nake rufe karɓar ɗinki, ko da ɗan'uwana ne ya kawo. Ina kuma barin kwana biyu fili, saboda ɗaukewar wuta da jana'iza da ciwo ba sa sallama kafin su zo.

Yaran ma kowa da layinsa a allon. Ba na yarda yaro ya rubuta "zan ƙware". Sai dai ya rubuta, "Kafin ƙarshen wata zan haɗa wuyan kaftani ba a sa ni na warware ba." Wannan ana iya dubawa. Ranar Alhamis da yamma nakan ɗauki rigar in juya cikinta, mu duba tare.

Akwai masu cewa wannan lissafi kamar rashin tawakkali ne. Ban yarda ba. Manomin Batagarawa ya san tiya nawa zai shuka, ya san lokacin noman farko, sannan ya bar ruwa ga Allah.

Babban burina na shekarar shi ne keken surfani, don in daina kai aikin wuya waje. Na shiga adashi, na rubuta Disamba a allon. Sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, janareta ya fara cin ribar yini. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka, masu kawo mini ɗinki daga Maraɗi suka ɗauke ƙafa, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Da a da ne, da na ce abin bai yiwu ba, in manta. Amma rubutun yana bango yana kallona. Na goge Disamba, na rubuta bayan Babbar Sallah, na rage zubi zuwa abin da zan iya. A Yulin 2024 keken ya shigo shago.

Ɗan'uwa, kafin azumi mai zuwa ka ware mako guda. Kada ka canza komai a aikinka, ka dai riƙa rubuta abin da ka gama kowace yamma, wanda ka goge ka ninke, ba wanda ka yanka ba. Adadin da ya fito, da shi za ka amsa wa mai leda na gaba.