Amsar Tambaya: Ɗaura Salansar Babur

Tambaya: Wani mai Bajaj Boxer daga Tozai yana tambayar abin da ke sa sabuwar salansa ta riƙa fitar da hayaƙi ta wajen da ta haɗu da inji.

Amsa: Tsakanin bakin salansa da kan inji akwai wani zobe mai taushi da makanikai ke kira gasket. Idan aka ɗaure noti sai ya matsu ya toshe kafa, shi ya sa wanda aka taɓa amfani da shi ba ya kamawa sosai. Alamar yoyo ita ce baƙin ƙunƙunniya a mahaɗar da ƙarar tsat-tsat idan an tayar da inji da safe.

Ana jira inji ya huce, a cire tsohon zoben, a kankare dattin ramin da yake zama a ciki, a saka sabo. Sai a rataya salansar, a murɗa notunan gaba da na baya da hannu kawai, don bututun ya zauna daidai. Daga nan a ɗaure notuna biyun gaba da sufana, wannan kaɗan wancan kaɗan, sannan na baya. Kan injin na alminiyam ne, ƙarfin da ya wuce kima yana cinye zare ko ya karya ƙusa. Kada a sa roba ko tsumma a madadin zoben, domin ba sa jure zafin wurin.

Girgizar hanyoyin Isa da Sabon Birni tana sassauta noti, saboda haka ya kamata a sake matsawa bayan tafiyar farko, idan inji ya huce.